Kundin Rakiyar Matasa Masu Ciwon Sikila a Bauchi

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau muka yi zaman farko a wani aji da wata makaranta a Fadaman Mada ta ara mana, bisa alkawarin za mu riƙa haɗuwa duk bayan mako biyu. Mutum goma sha ɗaya ne suka zo, maza shida da mata biyar, ƙaraminsu yana da shekara 18, babbarsu kuma 26, dukkansu masu ciwon sikila, wanda dattawa suka fi sani da amosanin jini. Mu biyu ne ke riƙe da aikin: ni da na yi shekaru ina malamin ba da shawara a makarantar sakandare, da wata ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a sashen masu ciwon jini, wadda zan riƙa kira Sista kamar yadda yaran suke kiranta. Ba zan rubuta sunan kowa ba, sai dai in ambaci mutum da sana'arsa ko karatunsa.

Asalin tunanin ba daga sikila ya zo mini ba. Na same shi ne a karance-karancen da na yi a kan wata cutar gado da ake kira sistik faiburosis, wadda ta fi yawa a tsakanin Turawan da asalinsu arewacin Turai ne, inda kusan mutum ɗaya cikin 25 yake ɗauke da ƙwayarta ba tare da ta yi masa komai ba. Cutar tana sa majinar jiki ta yi kauri ta yi danƙo, ta toshe hanyoyin huhu da hanyoyin da ruwan narkar da abinci yake bi, ta kuma sa gumi ya yi gishiri fiye da kima. Lokacin da likita Dorothy Andersen ta fayyace ta a birnin Niyok a 1938, mafi yawan yaran da ke da ita ba sa kai shekarun shiga makaranta. An gano ƙwayar halittar da ke jawo ta a 1989, kulawa ta yi ta inganta, har aka wayi gari a Amurka fiye da rabin masu ita manya ne. Sai ga wata matsala da ba a yi mata tanadi ba: saurayi da gemunsa bai san sunan maganinsa ba, budurwa kuma uwarta ce ke amsa wa likita tambaya, an yi ta fafutukar raya su amma ba wanda ya zaunar da su ya yi musu maganar aiki ko aure ko kuɗi. Daga nan asibitocinsu suka ɓullo da tsarin miƙa wa matashi ragamar lafiyarsa sannu a hankali. Ina karantawa ina ganin 'yan unguwarmu. Nasu ciwon a huhu yake, namu a jini, amma tarbiyyar "kada ka yi" iri ɗaya ce. A nan ma abin ya fi yawa nesa ba kusa ba, domin ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ana haifar yara kusan 150,000 da sikila kowace shekara a Najeriya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba.

Mun daɗe muna neman sunan da za mu ba aikin. Koyarwa ba ta dace ba, rubuta magani kuma ba huruminmu ba ne. Muka tsaya a kan rakiya, saboda mai rakiya ba shi ke zaɓar inda za a je ba, kuma idan an kai bakin hanya juyawa yake yi.

Na buɗe zaman da tambayar da na kwafo daga takardun Turawan: me kake so ka zama nan da shekara biyar? Aji ya yi tsit. Iyaye mata shida da suka rako 'ya'yansu suna zaune a bencin baya, biyu daga ciki suka amsa a madadin 'ya'yan. Da na ce mun zo ne mu ba da shawara, wani mai koyon gyaran waya a Wunti ya ja fatar idonsa ƙasa da yatsa, ya nuna mini farin idon da ya koma rawaya, ya ce, "Malam, shawara kam muna da ita, ga ta nan tun muna yara." Aka yi dariya, kuma ita kaɗai ce ribar zaman yau.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na jingine takardar shekara biyar. Wanda aka rene shi da lissafin ko zai ga baɗi, wannan tambaya izgili take zama a kunnensa. Sista ta ce mu fara da abin da ke cikin aljihu, sai muka yi tambaya uku: waɗanne magunguna kake sha, nawa ne PCV ɗinka, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jininka, idan kana cikin lafiya, kuma wa ke riƙe da katin asibitinka. Kowa ya san folik asid. Bakwai suna shan Paludrine, amma uku ne kawai suka san na rigakafin zazzaɓin cizon sauro ne. Uku ne kuma suka san PCV ɗinsu, katin mutum tara kuwa yana jakar uwa.

Sista ta zana musu dalilin tambaya ta biyu a allo. Jar ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jininsu kullum a ƙasa yake, shi ne kuma tushen rawayar ido. Idan iskar oksijin ta yi mata ƙaranci sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta sandare, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi. To, akwai wanda 22 shi ne jininsa na yau da kullum, yana cin abinci yana zuwa kasuwa da shi, akwai kuma wanda ya saba da 30, wanda saukarsa 22 alamar haɗari ce. Likitan da bai taɓa ganinka ba, idan ciwo ya ritsa da kai a Misau ko Toro, ba zai bambance tsakanin biyun ba sai ka faɗa masa. Muka yanka kwali daidai aljihun gaba, kowa zai cike nasa da jinsin jininsa, da PCV ɗin da ya saba, da magungunansa, da ranar da aka yi masa ƙarin jini na ƙarshe, da lambar mutum biyu da za a kira.

Bayan an tashi, mahaifiyar wata mai ɗinki ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, ban ce aikinku ba shi da kyau ba. Amma biyu na binne kafin ita, har dangin miji suka fara kirana mai wabi. Katin nan shekara ashirin da biyu yana jakata, ko sau ɗaya ban manta shi ba. Idan na ba ta ta yar fa?" Na ce, "Hajiya, idan ta yar za a yanki wani. Abin da nake jin tsoro shi ne ranar da ciwo zai tashi kina wajen biki a Azare." Ba ta ce komai ba, ta gyara mayafinta. Daga ƙarshe muka daidaita cewa kati zai ci gaba da zama a jakarta, amma ranar asibiti mai zuwa 'yar ce za ta yi wa likita bayani, ita kuma ba za ta sa baki ba sai an tambaye ta. Na shigo aikin nan da zaton matasa zan raka, ashe rabinsa na iyaye ne, kuma tsoronsu ba na banza ba ne, kabari ne ya koya musu shi.

Asabar, 21 ga Disamba

Hunturu ya kankama, hazo ya rufe duwatsun gari, zaman da ya wuce mutum huɗu ba su zo ba. Laifina ne da na bar lokacin a ƙarfe tara na safe, alhali sanyi yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Mun mayar da shi ƙarfe biyu, bayan azahar. Sista ta ja kunne a kan ruwa, domin a sanyi ƙishirwa ba ta damun mutum amma busasshiyar iska tana zuƙe shi: leda shida zuwa takwas na fiya wata a yini, sai wanda likitansa ya taƙaita masa saboda ƙoda ko zuciya. Ta kuma jera alamomin da ba a jinyarsu a gida: zazzaɓin da ya kai 38.5, ciwon ƙirji ko haki, karkacewar baki ko mutuwar hannu, da fari fat na tafin hannu tare da jiri.

Yau kowa ya zaɓi buri ɗaya na wata uku. Mai ɗinki tana son ta karɓi ɗinkin mutum biyar da sunanta, ba da sunan uwar ɗakinta ba. Wata da ta kammala digiri tana jiran kiran bautar ƙasa za ta haɗa takardar likita tun yanzu, don a sauwaƙe mata fareti a mako uku na sansani, ta kuma nemi a dawo da ita kusa da asibitinta, tunda hukumar tana karɓar uzurin rashin lafiya. Wani zai sake zana jarrabawar fita sakandare da jinya ta cinye masa. Mai gyaran waya ya ce zai sayi kayan aikinsa ya kafa teburinsa. Na yaba masa a gaban kowa, na ce irin wannan himma muke nema.

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

Wannan rubutu ba na ranar zama ba ne. Mai gyaran waya yana kwance a asibiti tun daren Litinin.

Abin da ya faru shi ne, an gaya masa kayan gyara sun fi araha a Jos, sai ya fita da asuba bai faɗa wa kowa ba, don kada a hana shi. Ya samu kujerar gefen taga a motar da gilashinta ba ya rufuwa. Jos tana kan tudu da ya kai kusan mita 1,200, sanyinta a Janairu kuma ba irin na Bauchi ba ne. Ya yini yana zagaya shaguna, ya ƙi shan ruwa don kada fitsari ya dame shi a hanya, ya dawo da magariba da jakar kaya da ciwon baya. Cikin dare ciwon ya hau ƙirji, zazzaɓi da tari suka biyo baya, numfashi ya gajarce. Likitoci sun ce toshewar jijiyoyin huhu ce, wadda tana cikin manyan abubuwan da ke kashe manya masu sikila. An sa masa iskar oksijin, an yi masa ƙarin jini leda biyu. Kwalin da muka yanka yana aljihunsa, kuma da shi likitan dare ya san yadda jininsa ya faɗi.

Mahaifinsa ya tare ni a baranda. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Malam, shekara ashirin da uku muna riritar yaron nan kamar ƙwai, kai cikin wata biyu ka kawo shi gadon asibiti." Na ce, "Alhaji, ba ni na tura shi Jos ba, amma ni na zuga shi ban tambaye shi yadda zai yi ba. Wannan kam nawa ne." Na kwana ina juya maganar. Na yaba himma a bainar jama'a, ban yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba: ta wace hanya, a wane lokaci, da wa? Na kuma lura da cewa ɓoye tafiyar da ya yi ita ma 'yar gida ce, domin yaron da duk abin da ya nema amsarsa "a'a" ce, ƙarshensa ya daina tambaya. Ban faɗa wa Alhaji wannan ba, ba ranarsa ba ce.

Asabar, 18 ga Janairu

An sallame shi ranar Alhamis. Maimakon aji, mu bakwai muka je gaishe shi a gida, muka zauna a tabarma ɗaya a zaure. Na tuna cewa masu sistik faiburosis ba su da wannan gata: saboda ƙwayoyin cutar da huhunsu ke riƙewa suna iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan, ana umartarsu da su bar tazarar kusan mita biyu a tsakaninsu, shi ya sa mafi yawan tarurrukansu ta intanet ake yi. Mu kuwa muna iya cin ƙosai a faranti ɗaya.

Mun sauya tsari. Daga yau kowane buri sai an rubuta masa abu biyu a ƙasa: abin da zai iya tayar da ciwo a hanyar cim masa, da abin da za a yi ranar da ciwon ya tashi. Mai gyaran waya da kansa ya cike nasa: kaya ta hannun direban tasha za su riƙa zuwa, tebur a inuwa, jarkar ruwa a ƙarƙashinsa, da abokin sana'a da zai riƙe masa wayoyin mutane idan ya kwanta. Alhaji ya karanta takardar sau biyu, ya mayar masa bai ce komai ba, amma bai hana shi dawowa ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Maganar aure, wadda kowa ke jira kuma kowa ke kauce wa ido a kanta. Na zo da kwano biyu, kowanne da ƙwayar farin wake ɗaya da ta jan wake ɗaya, fari a matsayin A, ja a matsayin S. Kwano ɗaya uba ne mai AS, ɗaya uwa ce mai AS. Aka rufe wa mai ɗinki ido da ɗankwali, tana ɗauko ƙwaya ɗaya daga kowane kwano, ana rubutawa a allo, a mayar, a girgiza. Sau arba'in aka yi. Ja da ja ya fito sau goma sha ɗaya, amma abin da ya sa ajin ya yi shiru shi ne lokacin da ya fito sau uku a jere. Kusan dukkansu sun taso da jin cewa ɗa na huɗu ne ke zuwa da sikila, har wani ya ce kawunsa ya yi shirin tsayawa a haihuwa uku don ya tsira. Kowane ciki lissafinsa daban, kashi ɗaya cikin huɗu, bai san abin da ya faru da na gabansa ba. Sai muka sauya waken: kwanon SS da na AS, rabi da rabi, kwanon SS da na AA, duk ɗaukar da aka yi AS ce ta fito, babu SS ko ɗaya.

A nan wata ɗalibar koyon aikin malanta ta yi magana a karon farko tun da muka fara. Ta ce wanda yake nemanta ya yi gwaji a wuri biyu, ɗaya ya ce AA, ɗaya ya ce AS, kuma danginsa sun riƙe takardar farko. Sista ta ce irin wannan saɓani ba baƙo ba ne, a sake gwajin a babban asibiti, su je tare, su karɓi sakamakon da hannunsu, kuma duk wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ya jinkirta, domin jinin da aka ƙara masa yana rikita sakamako. Ta ƙara da cewa mai sikila tana ɗaukar ciki ta haihu, amma awonta ba irin na kowa ba ne, sai da likitan jini tun kafin cikin, musamman idan tana shan maganin da dole a dakatar da shi.

A watan Mayun 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinsin jini. Ina ganin alherinta, amma gwajin da aka yi bayan an kai kuɗin na-gani-ina-so, an sa rana, an fara haɗa lefe, fafe gora ne ranar tafiya, kuma shi ke sa a nemi takardar bogi. Akwai kuma ɓangaren da doka ba ta kaiwa. Biyu daga cikin 'yan matanmu sun ce samari masu AA ne suka janye da suka ji SS, duk da cewa ba ɗan da za su haifa da ciwon. Gudun ɗawainiya ne, ko kuwa uwar saurayi ce ta ce ba za ta auro wa ɗanta jinya ba. Ba ni da waken da zan warware wannan da shi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Azumi ya ƙarato, kuma bana zai faɗo a Maris, lokacin da zafin Bauchi yakan haura digiri 35. Rashin ruwa na tsawon yini yana kauranta jini, abin da mai sikila ya fi gudu ke nan. Na gayyato wani malamin unguwa, ya karanta aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara, ya bambance tsakanin marar lafiyar da ake sa ran warkewarsa, wanda zai sha ya rama, da wanda ciwonsa ya zaunu kuma azumi ke cutar da shi, wanda zai ciyar da miskini a madadin kowace rana. Ya ce wanda zai faɗi ko azumi yana cutar da mutum likita ne amintacce, ba maƙwabci ba.

Hukuncin ba shi ne ya dame su ba, sun san shi. Kunya ce. Wani ya ce, "Allah gafarta Malam, yaya ƙato kamata zai ɓuya a ɗaki yana shan ruwa, ƙannena 'yan shekara goma suna azumi?" Malamin ya ce masa wanda ya yi rangwamen ya fi shi sanin girman jikinsa. Muka tsayar da cewa kowa zai kai tambayar ga likitansa da bakinsa kafin a ga wata, domin ciwon ba ƙarfinsa ɗaya ba a jikin kowa. Kiristoci biyu da ke cikinmu, waɗanda azuminsu na kwana arba'in zai fara ranar 5 ga Maris, su ma za su yi haka. Za mu dakata sai bayan salla.

Asabar, 5 ga Afrilu

An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, aka yi salla ranar 30. Huɗu sun ciyar, uku sun yi wasu ranaku sun sha wasu bisa shawarar likita, biyu sun azumci watan duka, ɗaya daga cikinsu ya ƙare da ƙarin ruwa a goman ƙarshe. Mai ɗinki ta karɓi ɗinkin salla na mutum bakwai, ta mayar da na biyu tun da wuri saboda ta ƙi kwanan zaune a kan keke. Mayarwar ta fi burge ni a kan karɓar.

Asabar, 3 ga Mayu

Yau mun raba aji, Sista ta ɗauki mata, ni da wani likita da ya ba mu awa ɗaya muka zauna da maza. Na ɗauko dabarar ne daga asibitocin masu sistik faiburosis, inda kusan duk namijin da ke da cutar ake haifarsa ba tare da bututun da maniyyi ke bi ba, don haka suka koyi faɗa wa yaro gaskiya tun yana tasowa maimakon ya gano bayan aure. Namu sirrin daban ne: miƙewar gaba mai zafi wadda ba sha'awa ce ta kawo ta ba, sau da yawa cikin dare, saboda jini ya shiga ya kasa fita. Da likitan ya ambace ta, huɗu cikin biyar suka sunkuyar da kai. Babu wanda ya taɓa faɗa wa mahaifinsa, balle likita mace. Ya ce idan ta kai awa huɗu, gaggawa ce kamar haɗarin mota, jinkiri yana iya kashe gaban har abada, kuma ko gajeru masu yawan dawowa a kai su asibiti. Muka tsara jimla ɗaya da mutum zai faɗa a teburin karɓar marasa lafiya ba tare da kame-kame ba, kowa ya maimaita ta da ƙarfi har kunyar ta ragu.

Daga nan magana ta gangara kan allura. Ɗaya ya ba da labarin daren da ya yi awa uku a wani asibiti yana murƙususu, wata ma'aikaciya tana cewa ta san irinsu, 'yan allura ne, don kawai ya faɗi sunan maganin da ke yi masa aiki. Mun koya musu sanin magungunansu, ga shi sanin ya zama abin zargi. Amma kafin in gama jin haushi, wani ya ɗage hannun rigarsa ya nuna mana damtsensa, duk tabo, fata ta taurare kamar ƙirgi. Shekara biyu ke nan yana sayen fentazosin a kemis yana yi wa kansa, da farko don gudun irin wancan wulaƙanci, yanzu kuwa ko ba ciwo sai ya yi. Duka biyun gaskiya ne, kuma na farkon yana cikin abin da ke haifar da na biyun. Nan ne iyakar rakiyata. Ban yi masa wa'azi ba, likitan ya ba shi rana, ni kuma na yi alkawarin zama a benci a waje har ya fito.

Asabar, 17 ga Mayu

Kuɗi. Da farko sun kawo shawarar adashe, muka gwada lissafinsa a allo muka ga bai dace ba, domin adashe bi da bi yake zagayawa, ciwo kuwa ba ya bin layi. Muka koma asusun gaggawa: kowa yana zuba abin da ya sauwaƙa duk zama, mutum biyu ke riƙe da littafi, wanda ya kwanta a ba shi rance na kati da gwaji da ruwan farko, ya biya bayan ya miƙe. Wadda ke jiran bautar ƙasa za ta je hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ta jiyo mana sharuɗɗan rajista.

Uku ne kawai a cikinsu ke shan haidiroksiyuriya, maganin da ke ƙara irin jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, wanda ba ya lanƙwashewa, ya rage yawan tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini. Tun 1998 aka amince da shi ga manya masu sikila a Amurka, kuma binciken da aka yi a Kano ya nuna amfaninsa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Sauran sun ce ko dai tsada, ko kuɗin gwajin jinin da ake bin sa da shi, ko kuma an tsorata su da cewa maganin ciwon daji ne. Wani ya karanto a waya cewa an samu waraka a Turai. Gaskiya ne, a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, wanda ke gyara ƙwayar halitta, amma farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Dashen ɓargo ma yana warkarwa, an kuma fara yin sa a Najeriya a Benin tun 2011, sai dai yana buƙatar ɗan'uwan da ɓargonsu ya dace da kuɗi masu nauyi. Masu sistik faiburosis sun samu Trikafta a 2019, ya sauya rayuwar mafi yawansu. Na ce musu mu yi murna da labarin, amma tambayar da kowa zai kai wa likitansa a wannan wata ita ce ko haidiroksiyuriya ta dace da shi.

Alhamis, 19 ga Yuni

Yau ce ranar sikila ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a Disambar 2008. An gayyace mu tattaki da riguna masu rubutu, yaran suka ce tafiyar rana ba tasu ba ce, suka zaɓi zama a aji su duba littafi.

Cikin goma sha ɗaya, tara ne suka kai yau. Ɗaya iyayenta sun koma Gombe, ɗaya kuma ya daina zuwa tun Fabrairu, na je gidansu sau biyu ban same shi ba. Teburin mai gyaran waya yana nan a inuwa. Mai allura ya je wurin likita sau uku, ya tsallake na huɗu, ya kira ni da kansa ya faɗa mini. Gwaji na uku na manemin ɗalibar malanta ya nuna AS, maganar tana hannun manya, ita kuma ta ce ba za ta yanke hukunci a cikin kuka ba. Asusu ya ba da rance sau huɗu, an biya uku. Damina ta sauka, sauro ya dawo, mun gano mutum biyar ba su da gidan sauro mai kyau, Sista za ta nemo kafin zama mai zuwa. Sunaye goma sha huɗu ke jiran rukuni na biyu, kuma wannan karon zaman farko na iyaye ne su kaɗai, mutum uku daga rukunin farko ne za su yi musu bayani.

Ranar Talata na bi ta asibiti kai wa wadda aka kira bautar ƙasa takardarta, sai na tarar da Hajiya a ƙarƙashin dalbejiya, jaka a cinya, tana jan carbi da sauri. Na tambaye ta ina mai ɗinki. Ta ce, "Tana ciki, Malam. Ta ce in jira a nan." Na ce katin fa? Ta buɗe jakar ta nuna mini aljihun da yake zama, babu komai. Ta ce amma ta sa ƙanenta ya ɗauki hotonsa gaba da baya a waya, kuma idan suka wuce rabin awa za ta shiga.